Zanen Aro da Sauran Maɓoyar Masu Koyon Turanci

A da, mai son koyon Turanci a ƙasar Hausa yana da uzuri mai kauri idan ya gaza. Malami ɗaya ne a aji mai cunkoso, ƙamus ɗaya ne a gida in ma an yi sa'a akwai shi, shi ma bangonsa ya daɗe da tashi, littattafan Brighter Grammar guda huɗu kuwa gadonsu ake yi daga wa zuwa ƙane har sai takardun sun koma kamar busasshen ganyen kuka. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001, manyan wayoyi masu shafawa suka biyo baya, wannan uzuri ya rasu har an yi masa sutura. Yau ƙamus da malami da tafinta da mai gyaran rubutu duk suna kwance a aljihu ɗaya tare da goro da canjin mota. Bisa lissafi, ya kamata a ce kowace unguwa a Kano ko Gusau ta fitar da nata Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Kwalejin Katsina ta horar ba intanet ba caji, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Hakan bai faru ba, kuma a ganina dalilin ba shi da nisa. Nahawun kowane harshe ana koyonsa ne ta hanyar yin kuskure a gaban wanda zai lura ya gyara, mu kuwa mutane ne da suka fi gudun kunya a kan zazzaɓi. Waya ta zo ta tarar da wannan tsoro, sai ta gina masa ɗakuna. Duk wanda ka gani yana fama da "is" da "was" a wayarsa, in ka zuba masa ido da kyau, za ka ga ya zaɓi ɗakin da zai ɓuya kada a kama shi da kuskure.

Na farko shi ne Sarkin Rumbu. Wannan bawan Allah bai taɓa ganin littafin nahawu na kyauta a intanet ya wuce shi ba. Yana cikin zaurukan WhatsApp na koyon Turanci fiye da yatsun hannunsa, ya ajiye bidiyon malamai daga Ingila da Indiya da Legas, har wayar ta fara roƙonsa ya goge wani abu don ta samu wurin numfashi. Sai ya goge hotunan bikin ƙanwarsa ya bar littattafan. Ka tambaye shi bambancin "has gone" da "went", zai ce maka yana da wani littafi da ya yi bayaninsa sosai, bari ya turo maka. Zai kuwa turo, har da ƙarin guda biyu da ba ka nema ba. Tarawar ce take ba shi daɗin da karatu ya kamata ya ba shi, kuma tana da wata fa'ida da karatu ba shi da ita: ba a faɗuwa a jarrabawar saukar da fayil. Manomin da ya cika rumbu da iri, damina ta zo ta wuce yana ta ƙara yaɓe, ba wanda zai ce gonarsa ba ta yi kyau ba, tunda babu gonar.

Maƙwabcinsa shi ne Bawan Mujiya. Manhajar Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, alamarta koriyar mujiya ce, kuma abin dariya ne a ce tsuntsuwar da kakanninmu ke jin kukanta da dare su nemi tsari, ita ce yanzu take leƙo wa jikokinsu ta waya tana tuna musu ba su yi darasi ba. Manhajar tana ƙirga kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba, kuma wannan adadi shi ne dukiyar Bawan Mujiya. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare zai zabura daga barci, ya dangwala amsoshi cikin minti uku don kada lissafin ya karye, ya koma ya kwanta. Da gangan yake zaɓen darasin da ya riga ya iya, domin mai wuya yana iya jawo jan rubutu. Bayan kwana ɗari uku a jere, yana iya sanar da kai da cikakken nahawu cewa yaro yana cin tuffa. Kai shi banki ya yi wa ma'aikaciya bayanin kuɗinsa da suka maƙale, sai ka ga ya koma nuni da hannu.

Akwai wasu biyu da ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan Guntule ya taso a zamanin da saƙon tes ba ya wuce harafi 160 kuma kowane saƙo kuɗi ne, ya koyi mayar da "you" ya zama "u", "good night" ya zama "gud 9t". Tsadar ta wuce tuntuni, guntulewar ta zauna, domin wanda bai taɓa rubuta kalma cikakkiya ba babu mai shaidar cewa bai iya rubuta ta ba. Ita kuwa Uwar Murya, tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013 ta yi sallama da haruffa. Ka rubuto mata layi ɗaya da Turanci, ta mayar maka da jawabin minti huɗu da Hausa, da "actually" biyu a tsakiya don a san ba rashin iyawa ba ne.

Daga nan sai Mai Tafinta a Aljihu. Tun da Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a ƙarshen 2013, wannan ya daina tunani da Turanci kwata-kwata, in ma ya taɓa farawa. Ya rubuta Hausarsa, ya danna, ya kwafe, ya tura. Gaskiya na'urar ta samu ci gaba ƙwarai, kuma a saƙon yau da kullum takan fitar da mutum kunya. Matsalar ita ce Hausa harshe ne da ake cin kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, a ci zarafi, sannan a sha wahala, a sha iska, a sha kaye, kuma duk a ciki babu abin da ya shiga baki. Ranar da injin ya zame a kan irin wannan santsi, Mai Tafinta ba shi da hanyar sani, domin idon da zai gane zamewar shi ne ainihin abin da ya ƙi koya. Yana nan kamar wanda ya aiki yaro kasuwa da yaren da shi kansa ba ya ji: yaron ya dawo ya ce an gama ciniki, shi kuwa bai san ko rago ya saya ko ya sayar ba.

Amma duk waɗannan yara ne a gaban Mai Zanen Aro, wanda tauraronsa ya fito bayan da aka saki ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Jiya-jiya mutumin nan yake rubuta "am fine" ba tare da wakilin suna ba, yake ƙara wa "equipment" harafin jam'i. Yau ya wayi gari yana rubuta wasiƙa kamar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Zai nemi mai gida ya ɗaga masa ƙafa kan kuɗin haya, wasiƙar ta zo da sakin layi biyar, da kanun magana, da godiya bisa daɗaɗɗiyar alaƙa mai cike da mutunta juna, alhali watansa huɗu a gidan kuma sau biyu suna cacar baki kan kuɗin wuta. Ta'aziyyarsa da taya murnarsa da neman aikinsa duk murya ɗaya ce, mai santsi, marar gishiri, kuma irinta ce sak a wayar abokansa goma. Wani lokaci gaggawa takan sa ya manta ya goge layin farko inda injin ke cewa ga wasiƙar da ka nema, ko ya bar gurbin da aka ce ya sa sunansa a nan, sai wasiƙar ta isa ofis da sa hannun "sunanka". A nan ne karin maganar nan ta "zanen aro ba ya rufe katara" take cika. Abin tausayin shi ne, a cikin duk masu ɓuya shi ne ya samu malami mafi haƙuri da aka taɓa yi, wanda za ka tambaya sau ɗari me ya sa ake cewa "he goes" ba "he go" ba, bai gaji ba, bai yi tsaki ba, bai faɗa wa kowa ba. Sai ya ɗauki malamin ya mayar da shi magatakarda.

A nan mai hankali zai tare ni ya ce, to mene ne laifi? Wanda ke da mota ba a tuhumarsa don bai iya tafiyar ƙasa daga Zariya zuwa Kaduna ba, kuma in inji zai rubuta wasiƙa mai tsabta, wahalar haddace ɗaruruwan aikatau masu taurin kai irin su "go, went, gone" ta zama tarihi. Maganar tana da ƙarfi, kuma ga mutumin da Turanci ke gifta rayuwarsa sau biyu a shekara, wajen cike fom ko rubuta wa ofis, na yarda da ita ɗungurum. Ga wanda ya kira kansa mai koyo kuwa, akwai wuraren da mota ba ta shiga. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, amma kwamfutar da ke ɗakin ba ta amsa tambaya, yi take, ana barin waya a waje, kuma Turanci dole ne ga kowa ko da likitanci zai karanta. A WAEC da NECO har yanzu sai ɗalibi ya rubuta insha'i daga kansa, ya taƙaita dogon rubutu, kuma in babu kiredit a Turanci ƙofar jami'a ba ta buɗuwa. A gaban masu ɗaukar aiki ma baki ne ke magana, kuma wanda takardarsa ta zo da Turancin Landan ya buɗe baki aka ji ba haka ba, ya fi wanda ya zo da nasa daidai gwargwado shan kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko a wajen ɗakin jarrabawa, wanda zai sa hannu a yarjejeniyar haya ko ta bashi yana bukatar ya san cewa tazarar da ke tsakanin "may" da "shall" tana iya zama gidansa.

Wasu kuma ba ɓuya suke yi a bayan shiru ba, a bayan ƙara suke ɓuya. Gwanin Guduma yana da ƙamus a waya mai turo masa sabuwar kalma kowace safiya, kuma ya ɗauki alkawari ba zai kwanta ba sai ya jefi wani da ita. Gwarzonsa shi ne Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Edo wanda ya yi suna da Turancin da ke sa 'yan jarida neman ƙamus. Bambancin shi ne Obahiagbon lauya ne, ginshiƙin jimlarsa a tsaye yake kafin ya ɗora mata kaya. Almajirinsa na Facebook kuwa yakan ɗora kalma mai gaɓa shida a kan jimlar da aikataunta bai san tilo yake bi ko jam'i ba, kamar a ɗora buhun siminti a kan keken yara. Dabarar tana ci, domin mai karatu yana can yana jinyar gudumar da aka buga masa, ba shi da sukunin lura da ƙaramin "s" da ya ɓace. Ɗan'uwansa Mai Hanci ya koyi nasa ne a TikTok da finafinan Amurka. Ya iya "wanna" da "gonna", yana haɗiye rabin kowace kalma, yana magana da sauri yadda kuskuren zai wuce kafin a ɗauki lambarsa. Duk da haka, in zance ya yi zafi, "p" da "f" sukan yi musanyen wuri kamar yadda suka saba, sai asali ya leƙo daga Fagge.

Wanda ya fi kowa iya ɓuya shi ne Dogarin Turanci, don shi a tsakiyar kasuwa yake ɓuya da bulala a hannu. Ba ya rubuta komai nasa. Aikinsa ya bi rubutun mutane yana tsintar tsakuwa. Mutum ya sanar da rasuwar mahaifinsa cikin kuka, ya rubuta "lost" a inda ya kamata ya sa "loss", Dogari zai iso kafin masu ta'aziyya, ya sa tauraro ya gyara, wataƙila ya ƙara da Allah ya jiƙansa in ya tuna. A muhawara kan farashin mai ko matsalar tsaro, da zarar hujja ta ƙare masa sai ya ce wa abokin gardama ya je ya gyara Turancinsa tukuna. Mafi yawan dokokin da yake karewa ma haddarsu ya yi daga wani hoto da aka turo a zaure, mai jan kuros a hagu da koren maki a dama. Shekara da shekaru yana kwaɗa wa mutane bulala kan "next tomorrow" da ake faɗa a maimakon jibi, sai ga shi a watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, har da wannan ɗin, da "okada", da "Kannywood". Aka bar Dogari yana gadin ƙofar da masu gidan suka riga suka buɗe. Wannan ba ya nufin komai ya halatta a takardar jarrabawa, kuma Bahaushen da ya ce "I am coming" yana fita, don ya ɗauko "ina zuwa" ya sa mata kwat, zai bar Bature yana jira a bakin ƙofa. Amma ɓarnar Dogari ta fi gyaransa yawa, domin duk wanda ya wulaƙanta sau ɗaya a bainar jama'a, gobe za ka same shi a ɗakin Uwar Murya ko na Mai Zanen Aro. Rabin maɓoyar nan shi ya cika su.

Wannan ya kawo ƙorafin da ya fi kowanne nauyi a kan abin da nake faɗa. Za a ce, ashe kana kewar zamanin kunya ne? Zamanin da ake cin tarar yaro ko a zane shi don ya yi Hausa a harabar makaranta, aji ya fashe da dariya don yarinya ta ce "she" a inda ake nufin namiji? Wannan tarbiyya ta rufe bakin mutane da yawa har abada, kuma sirrin da waya ta kawo rahama ne ga matar aure da ke koyo a ɗakinta bayan yara sun yi barci, da dattijon da ba zai iya zama a benci ɗaya da sa'o'in jikokinsa ba. Duk wannan gaskiya ne, ban kuma ga abin kewa a bulala ba. Sai dai tsohon aji ya haɗa abubuwa biyu a ƙulli ɗaya, gyara da tozarci, kuma ɗayansu ne kawai guba. Abin da waya ta iya, wanda babu malamin da ya taɓa iyawa, shi ne ta raba su: ta nuna maka kuskurenka ba tare da ko ƙuda ya ji ba. Matar nan da ke rubuta jimlarta da kanta, ta ba injin ya duba, ta tambaye shi dalili, ta sake rubutawa, ta ɗauki gyaran ta bar tozarcin. Mutanen da na lissafa sun zubar da duka biyun, har da tsaba a cikin ƙaiƙayi. Haka nan masu cewa Turanci ba shi ne ilimi ba, harshe ne kamar kowane harshe, ba su yi ƙarya ba, kuma da ma a riƙa faɗa wa Dogari haka kullum safe. Amma maganar takan fito ne da ƙarfi daga bakin wanda aka kama, kuma ko a Nijar, inda dokar 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, an ajiye Turanci kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya cikin kowane zauren koyon Turanci kuma zai yi mamaki in aka kira shi ɗalibi. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ko a kasuwar waya ta Farm Centre, karatunsa na boko bai yi nisa ba, amma yana odar kaya daga Guangzhou, yana ciniki ta waya da wani Basine wanda shi ma Turancin aro ne a bakinsa. A tsakaninsu babu mai jin kunyar wani. Yana rubuta jimla a karkace, a mayar masa da alamar tambaya, ya sake, ya gwada wata kalma, in ta ƙi ya leƙa tafinta ya dawo ya gyara da hannunsa. Bai san sunan shuɗaɗɗen lokaci a nahawu ba, amma ya san "I sent" da "I will send" ba ɗaya ba ne tun ranar da kaya suka kwana a sito saboda ɗayan ya ɗauka kuɗin sun riga sun taho. "Fifteen" da "fifty" kuwa sau ɗaya suka taɓa ruɗa shi, kuma katan talatin da biyar da ke tsakaninsu suna nan jibge a bayan shago, yana wucewa ta gabansu kowace safiya. Da yamma yaronsa da ya gama sakandare yakan karɓi wayar ya yi dariyar rubutun, ya ce, "Baba, ai ba haka ake rubutawa ba." Shi kuwa sai ya gyara zaman hularsa, ya matso da kujera, ya ce, "To, ɗan boko, yaya ake rubutawa?"